Gyara Kayanka: Jirgin Roba A Tsakar Gida

 A wannan fili namu na Gyara Kayanka muna tattauna yadda za a raya abin da ya tsufa a gida ba tare da an yi ɓarnar kuɗi ba. A watannin baya mun yi magana a kan keken ɗinki, da katifar auduga, da firjin da ya daina sanyi. A wannan watan kuwa wasiƙar da ta zo mana daga Sabon Garin Gusau ta sha bamban da duk waɗanda muka saba gani. Ga abin da 'yar'uwar tamu ta rubuto:

"Anti, ina yi miki fatan alheri. Maigidana yana da gona a ƙetaren gulbi ta wajen Bunguɗu, kuma duk damina sai ya sha wahalar fito. Da ya je Legas sarin kaya sai ga shi ya dawo da wani tsohon jirgin ruwa a bayan mota, ƙasansa mai tauri kamar baho, gefensa kuma roba ce da ake hura wa iska. Ya ce da araha ya same shi, kuma shi da samarin gidan za su gyara shi da kansu. Yau wata huɗu jirgin yana tsakar gida ya tare mini wurin shanya, in an hura masa iska da safe kafin la'asar ya saki. Ni ba wurin shanyar ne damuwata ba. Tsorona ranar da za a ce an gama gyara, a ɗebi 'ya'yana a shiga ruwa da su. Anti, in hana ne ko in sa hannu?"

To 'yar'uwa, amsata ita ce ki sa hannu, amma da sharaɗi. In kin ja da baya kin zuba ido, aikin ba zai fasa ba, sai dai a yi shi babu mai tsawatarwa. Gyaran jirgi kuwa ba irin gyaran kujera ba ne. Kujera in an yi mata ha'inci ƙafa ce za ta karye a sha dariya, jirgi in an yi masa ha'inci rai yake ci. Don haka a yau zan bi aikin daki-daki, domin ke da sauran masu karatu ku san abin da za a iya yi a gida, da abin da ya fi ƙarfin gida, da kuma abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi.

Wane irin jirgi ne wannan?

Jirgin kashi biyu ne aka haɗa. Ƙasansa mai tauri ne, galibi da faiba ake yinsa, wasu kuma da alminiyam. Gefensa kuma wata doguwar jakar iska ce da ta zagaye shi, wadda aka raba ta ɗaki-ɗaki daga ciki, yawanci uku zuwa biyar, kowane ɗaki da bakin hura iskarsa. Hikimar rabawar ita ce in ɗaki ɗaya ya fashe, sauran su riƙe jirgin a saman ruwa.

Abin sha'awa, shi kansa wannan jirgin daga gyara aka samo shi. A yankin Wels na ƙasar Birtaniya akwai wata makarantar kwana a bakin teku mai suna Kwalejin Atlantika, wadda aka buɗe a 1962. Ɗalibanta suna da jiragen roba na ceto, amma kullum duwatsun bakin teku sai su yayyaga musu ƙasan jiragen. Wajen 1964 sai ɗaliban da shugaban makarantar, wani tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Desmond Hoare, suka cire ƙasan robar da ya yage, suka manna katako a madadinsa. Suka yi ta gwaji suna gyarawa shekara da shekaru, har ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Birtaniya, wato RNLI, ta karɓi fasahar ta fara aiki da irin jirgin a 1972. Fam ɗaya tak aka sayar mata da haƙƙin mallakar fasahar. Yau sojojin ruwa da masu aikin ceto a duk duniya da shi suke aiki.

Kin ga ke nan, aikin da yara 'yan makaranta suka faro bai fi ƙarfin uba da 'ya'yansa ba. Sai dai ki lura da abu guda: waɗancan ɗaliban ba su taɓa gama gyara da yamma su ɗebi mutane da safe ba. Gwaji suka yi ta yi, kuma a ƙarƙashin idon wanda ya san ruwa.

Ruwan da za a shiga

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga yankin Funtuwa ya biyo ta Gusau da Bunguɗu har ya zuba a madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, gulbi ne mai fuska biyu. Da rani rairayi ne, yara suna wasa a cikinsa, masu tifa suna ɗibar yashi. In watan Agusta ya kama kuwa sai ya zama wani abu daban, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da kututture da duk abin da ya tsinta a hanya. Mutanen Gusau ba su manta da ƙarshen watan Satumba na 2006 ba, lokacin da madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, rahotannin lokacin suka ce gidaje wajen 500 sun rushe, an kuma rasa rayuka.

Haɗuran jirgi ma ba baƙinmu ba ne. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya nutse a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Mayu na 2023 yara 15 suka rasu a Dandeji ta Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, a kan hanyarsu ta zuwa neman itace a ƙetaren ruwa. A watan Satumba na 2024 kuma jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife a Gummi, nan cikin Zamfara, mutane da dama suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. In kika bi labaran irin waɗannan haɗura za ki tarar abubuwa uku ne suke ta maimaituwa: tsohon jirgi, lodin da ya wuce ƙima, da rashin rigar kariya. Duk ukun kuwa tun daga tudu ake maganinsu, kuma uwargida tana da ta cewa a kowannensu.

A duba kafin a kashe kuɗi

Kuskuren da akasarin maza suke yi shi ne su fara da sayen fenti, domin shi ne ido yake gani. Ki roƙi maigida kada a sayi komai sai an yi bincike na kwana biyu, wanda ba ya cin ko sisi.

Da farko a wanke jirgin tas da ruwa da sabulu, a cire yashin da ya maƙale tsakanin roba da faiba, domin wannan yashin shi ne yake cin robar a hankali kamar samfefa. Sannan a hura ɗaki ɗaya kaɗai a bar sauran babu iska. In aka ga ɗakin da ke kusa da shi yana kumbura, to bangon da ya raba su daga ciki ya huje, wannan kuwa babbar matsala ce. Haka za a bi kowane ɗaki.

Bayan nan a hura su duka, a dama ruwan sabulu mai kumfa a shafa da soso ko'ina, kamar dai yadda mai faci yake neman huji a taya. Duk inda kumfa ta tashi a zagaye wurin da biro. A fara da bakin hura iska, domin sau da yawa nan ne ɓarawon yake. Wani lokaci yashi ne kawai ya shiga bawul ɗin, ko ya yi sako-sako, da an wanke an ɗaure shi ke nan.

A nan zan ja kunne sosai. Iskar da jakar jirgin take ɗauka kaɗan ce ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake sa wa tayar mota. Kada a kuskura a kai shi wurin mai faci a jona masa injin iska, cikin ɗan lokaci zai farke ɗinkin. Da famfon ƙafa ko na hannu ake hura shi. Sannan iska tana kumbura da zafi. Jakar da aka cika da sanyin asuba, in rana ta buge ta zafinta ya ƙaru da digiri 20, matsin iskar yana iya ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A zafin Gusau na watan Afrilu wannan kaɗai ya isa ya fasa tsohuwar jaka. Don haka a ajiye jirgin a inuwa, in kuma dole ya zauna a rana a rage masa iska.

Sai a koma kan allon baya, inda ake ɗaure inji. A jirage da yawa katako ne a cikinsa aka lulluɓe da faiba, in ruwa ya shiga ta ramukan ƙusoshi sai katakon ya ruɓe daga ciki, waje kuma yana nan sumul. A ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ki ji wani dum-dum kamar an bugi kabewa. In an kwance ƙusa aka ga ruwa mai launin shayi yana tsiyaya, ko an girgiza injin aka ga allon yana lanƙwasa, to ya ruɓe.

A ƙarshen binciken sai a yi hukunci. Ƙananan huji, da bawul mai yoyo, da karce a jikin faiba, da kujera da igiyoyin riƙo da suka tsinke, duk aikin gida ne. Amma in ɗinkin jakar yana ɓarewa da kansa a wurare da yawa, ko robar ta yi danƙo tana manne wa hannu, ko ta cinye har zaren ciki ya fito, ko kumfa tana tashi a ko'ina kamar an zuba ruwa a rariya, to jakar ta gama aiki. Sake sabuwa aikin ƙwararru ne, kuma sau da yawa kuɗinsa ya fi kuɗin da aka sayi jirgin. A nan sai a tuna cewa araha ba ta ado, a haƙura. Asarar kuɗin jirgi ana mayar da ita.

Lokacin faci da yadda ake yinsa

In bincike ya nuna jirgin zai gyaru, abu na farko shi ne a san irin robar, domin iri biyu ce kuma kowace da gam ɗinta. Akwai wadda ake kira Hypalon, mai jure rana da daɗewa, akwai kuma PVC, wadda ta fi araha amma rana ta fi saurin cinye ta. Gane su ba wuya. A goga samfefa a wani ɓoyayyen wuri: in wurin ya dushe ya fitar da gari, Hypalon ce, in karce kawai ya yi ƙyallinsa yana nan, PVC ce. Ko a leƙa ta bakin bawul: cikin Hypalon baƙi ne ko toka-toka, PVC kuwa ciki da waje launi ɗaya ne. In aka sa gam ɗin wannan a kan waccan, facin zai yi kyau a ido, amma ranar da ya sha ruwa da rana zai ɓare.

Sholishon masu faci da gam ɗin masu gyaran takalmi ba su da wuri a wannan aiki, haka ma facin tayar mashin. Gam ɗin jirgi kashi biyu ne ake haɗawa, gwangwani babba da 'yar kwalba, kuma da an haɗa su sa'o'i kaɗan yake yi ya lalace, saboda haka a dama daidai buƙata. Da wuya a same shi a shagunan kayan gini, sai dai a yi saƙonsa daga masu sayar da kayan jirgi a Legas ko Fatakwal, tare da ƙyallen facin irin na jirgin. A duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin gwangwani, domin tsohon gam ba ya kamu.

Babban abokin gabar wannan gam shi ne laima. In iska tana ɗauke da danshi, kamar yadda take da damina, gam ɗin yakan yi fari-fari ya ƙi kamawa. Yana kuma son wuri mai sanyi-sanyi, digiri 18 zuwa 25. A nan Allah ya yi mana gata, domin hunturunmu na Disamba da Janairu shi ne lokacin da ya fi dacewa: iska a bushe, rana ba ta da zafi, kuma an gama aikin gona, samari suna gida. Ƙura ce kawai matsala, sai a yi aikin a rumfa ko zaure mai iska, a kare ɓangaren da iska take bugowa da tamfol. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa sannan ya tuna da faci, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda ake yi. A sace iskar gaba ɗaya. A yanka ƙyallen faci ya zarce hujin da santimita 5 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi, domin daga kusurwa faci yake fara ɗagowa. Wannan yankan ma ke ya fi dacewa ki yi, tunda hannunki ya saba da almakashi. A ɗora shi a zana iyakarsa da fensir. In Hypalon ce a goge wurin da bayan facin da samfefa har su dushe. A share da maganin gogewa da mai gam ɗin ya ambata, a bari ya bushe. A shafa gam siriri a fuska biyun, a jira minti 20 zuwa 30 ya bushe, a sake shafawa, a jira 'yan mintoci har ya yi danƙo. Sannan a ɗora facin daga gefe guda a hankali, domin da ya taɓa ya kama, ba a gyara masa zama. A danne shi da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki don a kori iskar da ta maƙale. In yagar ta kai tsawon yatsa, sai an yi faci biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje.

Daga nan sai haƙuri. Kada a hura iska sai bayan awa 24 aƙalla, kuma gam ɗin ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen mako guda. Samari za su yi ta ɗoki, ke ce za ki riƙe famfon a ɗakinki har lokaci ya yi. In an hura, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta yanayin kowane ɗaki kullum da safe a lokaci guda, har kwana uku. Jakar da ta saki a tsakar gida za ta saki a tsakiyar gulbi.

Kariyar gida lokacin aiki

Wannan ɓangaren naki ne kacokan. Gam ɗin da maganin gogewar suna kama wuta kamar fetur, kuma tururinsu yana tafiya ƙasa-ƙasa har ya iske wuta a nesa. Ranar da za a yi faci kada a hura murhu ko risho ko gas kusa da wurin, kada kuma a tayar da janareta a gefen. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon asma, da ƙananan yara su nisanci wurin. Masu aikin su sa safar hannu, su yi shi inda iska take ratsawa. In za a goge faiba a ɗaura takunkumi, domin garinta yana sa ƙaiƙayi yana kuma cutar da huhu, a kuma wanke kayan aikin daban da na yara.

In an tashi, ki karɓi gwangwanayen ki kulle, makullin yana hannunki. Duk mun san irin ɓarnar da shaƙar sholisho ta yi wa 'ya'yan mutane, bai kamata mu ajiye irinsa a inda yaro zai miƙa hannu ya ɗauka ba. Jirgin kuma a ɗaga shi daga ƙasa a lulluɓe, domin ɓera yana cin robar, awaki suna tauna igiyoyi, yara kuma suna mayar da shi wurin tsalle.

Inji ba na koyo ba ne

Injin jirgi ya yi kama da na mashin, amma da ruwan gulbi yake sanyaya kansa. A cikin ƙafarsa akwai wata 'yar farfelar roba da take tura ruwa sama, in aka tayar da shi a tudu babu ruwa, cikin ƙasa da minti guda za ta ƙone. Sai an tsoma ƙafar a durom ɗin ruwa ake tayar da shi, kuma dole a ga ruwa yana tsartuwa ta ɗan ramin baya. In injin ya daɗe a ajiye, a sake wannan farfelar da fulogi da man giya, a wanke kafireto. Wannan aikin a nemi makanikin da ya saba da injin jirgi, irin waɗanda ake samu a garuruwan ruwa kamar Yawuri, ko da kuwa sai an yi tafiya. A tabbatar kuma igiyar da matuƙi yake ɗaurawa a jikinsa, wadda take kashe inji in ya faɗa ruwa, tana aiki.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata maigida ya ji. An ƙera wannan jirgi ne don ruwa mai zurfi. Ƙasansa mai tsini ne, farfelarsa tana nutsewa ƙasa, gulbinmu kuwa cike yake da tudun yashi da kututture da ƙaya. Akwai mashigin da kwale-kwalen katako na masu fito ya fi shi dacewa nesa ba kusa ba. Sarkin ruwa da Sarkawan wurin su ne suka san inda ruwa yake juyawa da inda yake da rami, a nemi shawararsu tun kafin a kai jirgin bakin gulbi. Haka kuma, a halin tsaron da yankunan Tsafe da Bunguɗu suka shiga, bai dace mutum ya bayyana da baƙon jirgi da jarkokin fetur ba tare da sanin mai unguwa da jami'an tsaro ba. A 2021 gwamnatin jihar ta taɓa hana sayar da fetur a jarka saboda tsaro, don haka a tambayi dokar da ake ciki. A kuma nemi bayanin rajista daga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, wadda ƙa'idarta ta wajabta sa rigar kariya ta kuma hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare.

Riga kafin fenti

Ga sharaɗin da nake so ki tsaya a kansa ko da za a ce kin cika naci: kuɗin farko da za a fitar na rigunan kariya ne, ɗaya ga kowane mutum da zai shiga. Bayansu gam da faci, sai bawul da famfo, sai gyaran inji, sai filafili biyu da igiya da bokitin kwarfe ruwa. Fenti shi ne na ƙarshe, in ma kuɗi ya ƙare a bar shi, muni ba ya nutsar da jirgi.

Rigar yaro daban take da ta babba, da nauyinsa ake auna ta, kuma tana da maɗauri da yake bi ta tsakanin ƙafafu. In aka sa wa yaro ta babba, da ya faɗa ruwa sai ya zame ta ƙasa rigar ta tafi ita kaɗai. Mu mata kuma mu sani zani da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi suna naɗe ƙafa, saboda haka a kan hijabin ake ɗaura rigar, a kuma tsuke ta sosai. Abin da ya fi komai muhimmanci: kada ki shiga jirgi da goyo a baya. Ita rigar kariya an yi ta ne ta juya mutum rigingine fuskarsa tana sama, wanda ke bayanki kuwa shi ne zai koma ƙarƙashin ruwa. Ki sauke shi ki rungume, shi ma da tasa rigar. In babu rigar jariri, a bar shi a gida wurin kakarsa.

A jikin allon baya ko kusa da shi akwai ɗan faranti da kamfani ya rubuta yawan mutanen da jirgin zai ɗauka, da nauyin kaya, da girman injin da ya dace. Ki sa a karanta miki shi, a kuma rubuta adadin da manyan lambobi a inda kowa zai gani. Buhun masara mai kilo 100 ya fi babban mutum nauyi, a lissafa shi a matsayin mutum da rabi. Wannan rubutun zai taimaki maigida ranar da maƙwabta suka taru a bakin gulbi kowa yana cewa a taimaka masa, domin a irin wannan kunyar ce ake yin lodin da yake kai mutane lahira.

Gwajin farko kuma a yi shi da rana, a ruwa mai kwanciya wanda bai wuce ƙugu ba, da manya biyu da suka iya iyo, jirgin yana ɗaure da doguwar igiya, kuma nesa da bakin madatsa. Babu yaro ko ɗaya a ciki. In an fito a duba ko ruwa ya taru a cikin ƙasan jirgin, a sake bin kowane faci da ruwan sabulu.

Duk wannan na shafi masu kwale-kwalen katako ma, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinmu. Rani ne lokacin fito da shi tudu, a canja ruɓaɓɓen katako, a toshe tsaga, a shafe da kwalta. Riga da iyakar lodi kuwa duk ɗaya ne.

Saura yadda za a isar da maganar. Kada ki tare shi da ita yana shigowa a gajiye, kada kuma ki yi ta a gaban yara. Ki bari ya ci ya huta, ki yaba masa ƙoƙarinsa na neman sauƙi ga iyali, sannan ki ce kina so a ba ki naki aikin: riƙon littafi, yankan faci, da ajiyar makulli. In kina da adashi, ki ce kwasarki ta wannan karon ta rigunan yara ce. Namijin da ya ga matarsa ta sa kuɗinta a aikinsa, da wuya ya ƙi sauraron sharaɗinta. Samarin gidan kuma za su fita da abin da ya fi jirgin daraja, wato sanin cewa aikin da rai ya rataya a kansa ba a yi masa gaggawa.

A nan za mu dakata. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gyaran tankin ruwa na roba da ya tsage, da yadda ake wanke shi kafin damina. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mana iyalanmu a tudu da ruwa, ya sa albarka a abin da hannuwanmu suka gyara.